Yadda Na Kai Ƙarar Ɗana Gidan Surukansa

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a unguwar Kudai ta Makka ba, ko da kuwa zan kai shekarun da sai an riƙa tuna mini sunana. Na yi ƙoƙarin mantawa, Allah shi ne shaida. Yau shekara uku ke nan, amma duk sanda taksi ya bi da ni ta wannan titin, sai in tsinci kaina na sunkuya ina gyara takalmin da babu abin da ya same shi.

Bari in fara gaya maka ko ni wane ne, don ka san irin mutumin da ya tafka wannan aika-aika. A unguwar Jarwal aka haife ni, nan cikin Makka. Kakana ne ya zo aikin Hajji daga ƙasar Katsina bai koma ba. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina koyar da nahawun Larabci a makarantar maza har na yi ritaya, shi ya sa kowa Ustaz yake ce mini, har waɗanda suka girme ni. Ina zaune ni kaɗai a hawa na uku na wani gida a unguwar Shisha tun da matata ta rasu. Babbar 'yata tana aure a Jidda. Sai autana Mu'az, wanda a lokacin yake karatun kwamfuta a wata ƙaramar jami'a a Amurka. Turanci kuwa ban san ko harafi ba, kuma ban taɓa jin na rasa wani abu ba (ka riƙe wannan, don a nan ciwon yake).

Mu'az yaro ne mai gudu. Tun yana ƙarami ba ya tafiya kamar sauran mutane, in ka aike shi kanti kafin ka gama gyara zama ya dawo. Ni kuma a wurina gudu aikin wanda ya makara ne ko wanda ya yi laifi. Da ya je Amurka, wani mai horar da 'yan wasa ya gan shi yana tsere da abokansa, ya ja shi cikin ƙungiyar jami'ar ta wani wasa da suke kira besbol. Ranar da ya gaya mini a waya, muryarsa har rawa take yi don murna. Ya fara yi mini bayanin yadda ake wasan, na katse shi na ce, "Karatu aka tura ka ko guje-guje?" Sai ya ce in ba Ummi, wato uwarsa, wayar. Daga ranar bai sake ɗauko mini zancen ba, ni ma ban tambaya ba.

Uwarsa ce mai sauraronsa. Sai ta yi awa guda da waya a kunne tana cewa "to", "masha Allah", alhali na tabbata ita ma ba ta fahimci komai ba. Da ta rasu, sai hirarmu da shi ta koma tambaya uku. Lafiya? Lafiya lau. Karatu? Alhamdu lillahi. Salla? Ina yi. Daga nan sai mu yi ta jin numfashin juna har ɗayanmu ya ji tausayin ɗaya ya yi sallama.

Abu na ƙarshe da marigayiya ta ƙulla da hannunta shi ne maganar aurensa. Ita ta nema masa Asma'u, 'yar Alhaji Usman mai shagon akwatuna da dardumai a Kudai, yarinya mai natsuwa da ke koyar da Turanci a makarantar mata. An yi baiko, aka ce sai ya gama karatu a ɗaura. Ni a wurina wannan alkawarin amana ce da matata ta bar mini, kuma shi ne abu ɗaya da nake ganin ban ɓata ba tukuna.

To, wata Alhamis da hantsi, na haɗa shayi na zauna, sai waya ta yi ƙara. Saƙo ne daga Mu'az, wanda rabon da ya turo mini wani abu har na manta. Hoto ne guda, da kalma biyu a ƙasa: "Abuya, duba." (Abuya yake ce mini, wato Baba.)

Na duba. Fuskarsa ce cikin wani ɗan akwati, da hula mai baki a kansa, babu murmushi ko kaɗan. Gefensa akwai wasu samari, kowa cikin nasa akwatin, kowa ya ɗaure fuska, an jera su kamar yadda ake jera waɗanda 'yan sanda ke nema. A ƙasan hotonsa rubutu ne na Turanci, layi biyar ko shida. Akwai ma wata doguwar sanda a kafaɗarsa. Na gan ta sarai. Abin da na ce a raina shi ne, wato har da makami.

'Yata ta taɓa koya mini yadda ake sa waya ta fassara rubutun da ke jikin hoto. Na yi yadda ta nuna mini, Larabci ya fito. Ga abin da na fahimta: wannan saurayin shi ne ɓarawon shekara. A duk jami'o'in da aka duba babu wanda ya kai shi satar ƙawa'id. Bai daɗe da fara sata ba amma ya ƙware, saboda Allah ya ba shi ƙafa. An kama shi 'yan lokuta kaɗan, sauran duk ya sha. Masu tsaro kuma in sun gan shi hankalinsu tashi yake yi.

Wani mai hankali da ya karanta wannan sai ya ce wayar ta haukace. Ni kuwa malamin nahawu ne, sai na zauna na yi wa kalmar fiɗa. Ƙawa'id jam'in ƙa'ida ne, kuma a Larabci tana ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya. Akwai ƙa'idojin nahawu, to waɗannan babu mai satarsu, na yi shekara talatin ina rabawa kyauta ba a ɗauka ba. Akwai sansanonin soja, waɗannan kuma sun fi ƙarfin aljihu. Sai ta ukun, ƙawa'idul bayanat, wato rumbunan da ake adana bayanan mutane a cikin kwamfuta. Ɗana kuma kwamfuta yake karanta. Na ajiye wayar a kan cinyata kuma (sai na faɗi gaskiya) ina ɗan alfahari cewa na warware matsalar ba tare da taimakon kowa ba.

Na kira shi sau biyu bai ɗauka ba. Shekara uku na san cewa in muna hantsi su can ko asuba ba su yi ba, amma a ranar sai lissafin ya gudu daga kaina. Na yanke cewa yana hannun hukuma, kuma saƙon nan shi ne abu na ƙarshe da ya samu ya turo kafin a karɓe wayar.

Ina cikin wannan sai ga kiran Alhaji Usman. Shi Alhaji mutumin kirki ne, sai dai Allah ya yi shi da murya irin ta mai kai labarin rasuwa. Ko farashin darduma zai gaya maka sai ka ji kamar ka yi masa ta'aziyya.

Ya ce, "Ustaz, ka ga abin da yaron nan ya yi?"

Na ce, "Na gani, Alhaji."

Ya ce, "Mu ma mun gani. Asma'u ce ta nuna mana. To gobe in an sauko Juma'a ka zo gida. Na kira 'yan'uwa, na kira liman. Irin wannan ba a yin shiru a kansa."

Na ce to. Ina ajiyewa na kashe wayar gaba ɗaya na jefa ta cikin durowa, don ba na son in ji muryar kowa. Da na bar ta a kunne na awa biyar kacal, da wannan labarin bai samu ba.

Ranar ban fita jam'i ba, a gida na yi sallolina kamar mara lafiya. Na shiga ɗakin Mu'az na zauna a bakin gadonsa. Uwarsa ta bar ɗakin yadda yake, ni ma ban taɓa komai ba: littattafansa na sakandare, tsofaffin takalman gudu a ƙarƙashin tebur, wata riga a bayan ƙofa. Na yi ta kallonsu ina neman inda na yi kuskure, sai dai duk inda na duba kuskuren wani nake gani. A nan ne na yi abin da har yau yake ci mini rai fiye da duk abin da ya biyo baya. Na ɗaga hannu na gode wa Allah da ya ɗauke matata kafin ta ga wannan rana.

Bayan la'asar na ɗauko takarda da alƙalami. Na ce tunda an tara mini jama'a don a warware baiko, ba zan bari a kore ni ba, ni zan riga su. Zan shiga da mutuncina, in faɗi gaskiya a kan ɗana, in sauke musu nauyin alkawari, in fito. Na rubuta jawabi shafi biyu, na sake karantawa na gyara wasali a wuri uku. Ka ji fa, ɗana yana kurkuku a zatona, ni kuma ina gyaran wasali.

Washegari na yi Juma'a a wani masallaci mai nisa inda babu wanda ya san ni, na tari taksi zuwa Kudai. Muka kutsa ta cikin manyan motocin masu Umra, direba yana ta surutu a kan zafi, ni kuwa ina maimaita jawabina a zuci. Ina shiga ginin su Alhaji ƙamshin shinkafa da naman rago ya tare ni tun daga matakala. A ƙofar majalisa, wato ɗakin baƙi, takalma ne birjik. Na ce a raina, duniya ke nan, har da yanka don an ga bayan ɗan wani.

Na yi sallama, mutum goma sha wani abu suka miƙe. Ga Alhaji, ga ƙannensa, ga limamin unguwa, ga maƙwabta, ga wani kawunsa tsoho tukuf da ba ya ji sosai. Kowa fuskarsa a sake, wasu har da murmushi. Na fassara murmushin da tausayi (a wannan makon ni da fassara ba mu da sa'a). Ƙanin Alhaji, Sa'idu, yana tsaye a gefe ya rungume wata babbar waya a ƙirjinsa da hannu biyu, fuskarta a jikin rigarsa. Na lura da shi, na ce wato har ɗauka za su yi.

Alhaji ya zaunar da ni a wurin manya, ya zuba gahawa da kansa ya miƙo mini. Na karɓi ɗan kofin na ajiye a ƙasa ban kai baki ba. A nan garin kowa ya san ma'anar wannan: baƙo yana da magana, kuma ba zai sha ba sai ya faɗa.

Alhaji ya ce, "Sha mana, Ustaz, yau ai ranar..."

Na ɗaga masa hannu irin yadda nake ɗaga wa ɗalibai. Na miƙe, na zaro takardata.

Na yi hamdala da salati, na ce na san dalilin da ya sa aka tara ni, kuma ban zo kare kowa ba. Na ce abin da Mu'az ya aikata ya aikata, duniya ta gani, kuma ni ban haifi ɗa don in rufe masa ɓarna ba. Na ce gidanmu tun daga kakana ba a taɓa samun wanda ya ɗauki abin wani ba sai a kansa. Na ga Alhaji ya buɗe baki, liman ya kama gemunsa.

Alhaji ya ce, "Ustaz, tsaya tukuna."

Na ce, "Ka bar ni in gama, Alhaji. Ba sau biyu zan iya faɗin wannan ba."

Na ci gaba. Na ce na sauke musu alkawarin da ke tsakaninmu, 'yarsu ta cancanci mijin da zai ciyar da ita da halal, kuma ba zan riƙe su a zuciya ba. Da na tsaya a nan, da abin ya zama labarin dariya da za a yi ta ba jikoki. Amma shirun da ɗakin ya yi sai ya yi mini daɗi, irin shirun da na yi shekara talatin ina nema a aji ban samu ba. Sai na ninke takardar na ƙara da abin da ban rubuta ba.

Na ce, "Kuma ba zan ɓoye muku ba, alamar ta daɗe da bayyana. Yana ɗan shekara goma ya ɗauke mini agogo daga cikin durowa. Kwana uku ana nema, sai a jakar makarantarsa aka same shi. Na so in ɗauki mataki tun a lokacin, uwarsa ce ta shiga tsakani ta rufe maganar. Allah ya jiƙanta, amma ga inda sassaucinta ya kai mu."

Na zauna. Ana jin ƙarar na'urar sanyaya ɗaki da hon ɗin motoci daga titi.

Sai wata murya ta fito daga bayan ƙofar da ke shiga cikin gida, a hankali, da ladabi. Asma'u ce.

Ta kira ni Ammu, wato baffa, ta ce, "Don Allah wa ya fassara maka rubutun?"

Na ce, "Waya."

Sannan ta fara bayani, kalma bayan kalma, yadda ake yi wa yaron da aka san zai yi kuka. Ta ce hoton daga wata mujalla aka yanko shi, mujallar da aikinta kawai bin wasan besbol na jami'o'i. Duk mako tana jera ƙungiyoyi daga ta ɗaya zuwa ƙasa, a ƙarshen kaka kuma ta zaɓi gwanayen shekara ta ba su kyauta. Ta ce filin wasan yana da tashoshi huɗu, ɗan wasa yana gudu daga wannan zuwa waccan. In yana tsaye a tasha ya ga mai jefa ƙwallo ya shagala, sai ya ruga zuwa ta gaba kafin a ankara. Wannan rugawar ita suke kira sata. In ƙwallo ta riga shi isa, sai a ce an kama shi. Tashoshin nan su ne waya ta mayar ƙawa'id. Ta ce jami'ar su Mu'az ba ta taɓa shiga jerin mujallar ba sai a bana, kuma shi aka zaɓa gwani a wannan fannin, shi da ya fara wasan da girmansa, cikin samarin da aka haifa da sandar a hannu.

Ta ƙare da cewa, "Kyauta ce aka ba shi, Ammu. Walima Baba ya shirya maka."

Wani daga cikin maƙwabta dariya ta kuɓuce masa, ya mayar da ita tari. Alhaji ya miƙa hannu bayan matashin da ya jingina da shi, ya jawo wani abu a naɗe cikin takarda mai ƙyalli ya ajiye a gabana. Cikakken shafin mujallar ne, an buga shi babba an sa a gilashi, da filin wasa da komai. Tsarabata ce.

A lokacin na ɗauka na kai ƙarshen kunya. Ina neman kalmar da zan fara da ita, sai na ga kowa ya daina kallona, Sa'idu ake kallo. Shi kuma ya tsaya kamar an dasa shi, har yanzu da wayar a ƙirji. Ya dubi yayansa, Alhaji ya sunkuyar da kai. A hankali Sa'idu ya juyo da fuskar wayar.

Mu'az ne. Yana zaune a ɗakinsa na makaranta, gari bai daɗe da waye musu ba. Ya sa farar jallabiya, abin da na tabbata sai da ya tono ta daga ƙasan akwati, ya ɗora allon kyautar a kan cinyarsa. Tun kafin in shigo aka haɗa kiran. Shirinsu shi ne da na sha gahawa a juyo da shi in gan shi ba zato.

Ba kuka yake yi ba, ba kuma fushi na gani a fuskarsa ba. Da fushin ne da na fi samun sauƙi.

Ya ce, "Abuya, agogon nan gudu nake aunawa da shi. Daga ƙofar gida zuwa masallaci. So nake in ga na rage lokacin sannan in nuna maka." Ya ƙara da cewa, "Na gaya maka a ranar. Ummi ce kawai ta ji."

Ya mayar da idonsa kan Alhaji ya ce, "Ammu, na gode ƙwarai. Ku ci abinci kada ya huce." Fuskar wayar ta yi baƙi.

Kuma aka kawo abincin, don rago dai an riga an yanka. Aka shimfiɗa leda, aka ajiye manyan faranti, aka zaunar da ni a tsakiya a matsayin babban baƙo. Alhaji yana yago nama yana turowa gabana, ni kuma ina tura shinkafa a baki ina haɗiya kamar tsakuwa. Liman ya matso ya ce niyyata mai kyau ce, ba kowane uba ne zai fifita gaskiya a kan ɗansa ba. Na so ya yi shiru. Alhaji ya ce da muryarsa ta ta'aziyya, "Maganar aure tana nan yadda take, Ustaz. Mu ba mu ji komai ba." Ana cikin haka kawun nan da ba ya ji ya ɗago daga farantinsa ya tambayi na kusa da shi da ƙarfi, "To wai a ƙarshe me yaron ya sata?" Sannan ya ci gaba da cin namansa.

Na koma Shisha da gilashin a kan cinyata. Na ciro waya daga durowa na kunna. Kiran 'yata ya fi a ƙirga. Na Mu'az kuwa saƙonni ne, tun na ranar Alhamis, daga lokacin da ya farka ya ga na neme shi. Ashe yana turo hoton ya kwanta barci. Na farko ya ce, "Abuya, ka gani?" Na biyu ya ce kyauta ce aka ba shi, in na samu lokaci zai yi mini bayani, ba zai daɗe ba. Na ukun ya ce, "Na so a ce Ummi tana nan."

Sai a kwana na uku ya ɗauki kirana. Na shirya kalmomi masu yawa, amma da na ji muryarsa abin da na iya cewa kawai shi ne ya yafe mini. Ya ce ba komai, ya yafe. Na fara ɗora laifi a kan waya da masu ƙera ta, ya bar ni na yi ta zuba har na gaji.

Sannan ya ce, "Abuya, ba fassarar ce ta dame ni ba, kowa zai iya ruɗewa. Abu ɗaya nake so in sani. Da ka karanta, minti nawa ka ɗauka kafin ka yarda?"

Ban amsa ba. Shi ma bai sake tambaya ba. Amma ni na san amsar, don na tuna sarai: lokacin da na gama yanke masa hukunci, shayin da na haɗa bai huce ba.

An ɗaura auren bayan ya gama karatu, yadda uwarsa ta so. Suna zaune a Riyad, yana aiki, Asma'u na koyarwa. Yana kirana duk Juma'a, yana aiko mini da magani, in ya zo Umra a gidana yake sauka ya sumbaci kaina. Babu wanda zai ce ga abin da ya rage ni da shi. Sai dai tun daga ranar bai sake turo mini hoton komai ba. Ko da aka yi masa ƙarin girma a wurin aiki, a bakin Asma'u na ji.

Ni kuma, da tsufana, na zama masanin besbol. Na roƙi Asma'u ta koya mini, ta yi ta zana mini fili a bayan takarda har na gane. Ta yi mini rajista da mujallar, kuma in kakar wasa ta zo, duk mako takan karanta jerin ƙungiyoyin ta turo mini da murya (waya dai na sallame ta daga aikin fassara). Yanzu na san wace jami'a ta hau, wace ta sauko, wa ake sa ran zai ɗauki kyauta. A duk Shisha ban da abokin wannan hira. Abokaina na masallaci, waɗanda labari ya isa gare su tun kafin in sauka daga taksi, sun ce in dai ba satar zan koya musu ba su ba sa so.

Bara da suka zo, na jira har aka gama cin abinci, na gyara murya na ce wa Mu'az na ga jami'arsu ta faɗo daga jeri, kuma a ganina matsalarsu ba su da mai gudu. Na yi kwana biyu ina shirya wannan jimlar. Ya dube ni da ɗan mamaki, ya yi murmushi mai ladabi ya ce, "Wallahi na daina bi, Abuya. Tun da na gama ban sake kallo ba." Ya tashi ya kai kwanuka kicin. Asma'u ta zuba mini wani shayin ba tare da ta dube ni ba.

Ga ni nan dai, ina bin wasan da ɗana ya bari, ina haddace sunayen 'ya'yan mutane da ban taɓa gani ba. Idan ka tambaye ni me na koya, ba wani abu mai zurfi ba ne. Mutum yana iya zama mai gaskiya ƙwarai ya kuma zama azzalumi a zama ɗaya, muddin ya fi son a ji shi fiye da ya ji. Saboda haka in ka shiga taro da jawabi a aljihu, aka miƙo maka gahawa, ka daure ka sha tukuna. Kurɓa biyu ce kawai. Da na sha tawa, da kafin in ajiye kofin wani ya ce mini barka.